Sizin na uku ya raina mana hankali ko ni kaɗai nake gani?

Abba K.: Salam jama'a. Wanda bai gama sizin na uku na shirin nan na mutanen da suka je watan Satun ba dan Allah ya wuce kawai, don zan fasa ƙwai. Jiya na ƙarasa kashin ƙarshe kuma wallahi har yanzu raina a ɓace yake. Ni ba na cikin masu zama da biro suna neman kuskure a fim, na san ƙirƙira ce, amma akwai abin da in aka yi maka sai ka ji kamar an kalle ka ido cikin ido an ce ai ba za ka gane ba. Ku tuna sizin farko, kashi na huɗu. Likita tana zaune ita kaɗai a ɗakin sadarwa, an gaya mata babanta yana asibiti rai a hannun Allah, ta ɗauki saƙo ta aika, kwamfuta ta rubuta mata minti 80 kafin ya isa duniya, wani 80 ɗin kafin amsa ta dawo. Aka bar mu da ita tana kallon agogo, ta tashi ta zauna, ta kwance gashinta ta sake ɗaurewa, ba kiɗa ba komai. Da amsar ta zo ba fuskar babanta ce ta fito ba, ƙaninta ne, bai ma buɗe baki ba ta gane. Wannan wurin shi ya sa na kamu da shirin. To sai ga shi a sizin na uku kyaftin yana kiran bidiyo da wata mata a hedikwatar duniya kai tsaye, suna musu, tana katse shi yana katse ta, kamar suna ɗaki ɗaya. Ina minti 80 ɗin suka tafi? Ko kalma ɗaya ba wanda ya ce a kai.

Zee: Hhhh na rantse ni ma a wurin na tsayar na koma baya, na zata na tsallake wani kashi ne

Ɗan Auta: Yaya Abba kai ma dai da neman magana. Shiri ne fa na mutanen da suka je watan Satun suka gina gida, ka yarda da wannan duka amma kiran waya ne ya tsaya maka a wuya? Ka ɗauka kawai sun ƙirƙiro sabuwar na'ura a tsakani mana, ai an ce shekara biyu ta wuce.

Abba K.: Auta in sun ƙirƙiro su faɗa. Layi ɗaya ya isa, ko injiniya ya ce "tunda aka kafa sabuwar eriyar nan mun huta", shi kenan na yi shiru. Amma ba su faɗa ba, kuma a kashi na gaba da wannan suka koma suna cewa ba za mu iya jiran umarnin duniya ba saboda nisa. Tufka da warwara kenan. In suna son tashin hankali nisa ya dawo, in suna son musu nisa ya ɓace.

Malam Bashir: Bari in sa baki tunda abin ya taɓo fannina. Lissafin sizin farko daidai yake, har na yaba musu a lokacin. Saƙon rediyo da gudun haske yake tafiya, kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa ɗaya, Satun kuma yana nesa da mu kilomita biliyan 1.2 zuwa biliyan 1.6 da wani abu, ya danganta da inda kowa yake a zagayensa. In ka raba za ka samu awa ɗaya da 'yan mintuna zuwa awa ɗaya da rabi. Lokacin da kumbon Cassini ya faɗa cikin Satun a Satumbar 2017, saƙonsa na ƙarshe sai da ya yi minti 83 a hanya, wato sanda mutanen NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, suke kallon siginar tana ɗaukewa kumbon ya riga ya ƙone tuntuni. Ko Mars da ke kusa minti 3 zuwa 22 ne. Kuma wannan ba matsalar ƙarfin eriya ba ce Auta, iyakar gudun haske ce. Duk wanda ya karya ta ya canza kimiyya gaba ɗaya, ba abu ne da za a yi a ɓoye tsakanin sizin biyu ba tare da kowa a shirin ya ko ambata ba.

Ɗan Auta: To Malam an ji, amma ai a shirin nan ana jin ƙarar fashewa a sararin samaniya inda babu iska, kuma mutane suna takawa a Titan, watan Satun ɗin, kamar suna tsakar gida alhali nauyin can bai kai na nan ba. Me ya sa ba ku yi ƙorafi a kan waɗannan ba sai wannan?

Malam Bashir: Tambayarka ta yi. Janyowar Titan kamar kashi ɗaya cikin bakwai ne na ta duniya, da tsalle-tsalle za su riƙa yi kamar 'yan sama jannatin Apollo a kan wata. Amma wannan na yafe musu, don ɗaukar kowane kashi da igiyoyi a jikin 'yan wasa kuɗi ne da wahala, kuma tun ranar farko a haka suka nuna mana, ba su taɓa canzawa ba. Ƙarar fashewa ma haka, kunne yana so. Ƙaryar da aka yi maka tun farko ka karɓa daban take da alƙawarin da aka yi maka da baki sannan aka saɓa. Su suka ce minti 80, ba ni ba.

Maman Hanif: Ni duk wannan lissafin naku bai dame ni ba, ban san gudun haske ba kuma ba na neman sani. Abin da ya ƙona min rai hular kwano ce. Matar nan masaniyar ƙwayoyin halitta, wadda sizin biyu cur take hana mutane shiga ɗakin bincikenta ba safar hannu, wadda ta taɓa kulle kyaftin da kansa kwana uku a killace saboda rigarsa ta yage, ita ce za ta shiga kogo a wata duniya, na'ura ta yi ƙara sau ɗaya ta ce akwai oksijin, ta cire hula ta ja numfashi har da lumshe ido?? Bai ishe ta ba ta tsuguna ta cire safar hannu ta lakuto wannan abu mai yauƙi da yatsa tana murzawa tana cewa yana da ɗumi. Haba jama'a. Ina zaune ni kaɗai sai da na ce "ke!" da ƙarfi.

Zee: Anti ai ni jira nake ta kai baki ta ɗanɗana, abin da ya rage kenan

Ummi S.: Ni a ganina kun manta halin da take ciki. Shekara nawa ba ta shaƙi iskar da ba ta inji ba? Mijinta ya rasu a kashi na biyu. Mutum in ya gaji da rayuwa yana iya yin abin da hankali ba zai ɗauka ba, ni ban ga abin mamaki ba.

Maman Hanif: Ummi ƙanwata da haka suka nuna da na yi kuka ma. Da mun ga tana sakaci tun bayan rasuwar, ta manta wanke hannu, ta daina damuwa, wani ya yi mata magana ta ce a ƙyale ta, to da ta cire hular nan sai mu ce Allah sarki abin ya ci ta. Amma minti goma kafin nan fa tana yi wa yaron nan matuƙi faɗa don bai duba makullin wuyan rigarsa sau biyu ba. Minti goma! Ba baƙin ciki ne ya cire hular ba, marubuci ne ya miƙo hannu ya cire mata don yana buƙatar cutar ta shiga sansani kafin kashi na shida.

Malam Bashir: Kuma abin dariyar, a zahiri ma an fi su tsoro. A 1969 da Armstrong da Aldrin da Collins suka dawo daga wata, inda kusan kowa ya yarda babu wani abu mai rai, sai da aka killace su har kwana 21 suka cika, shugaban Amurka Nixon ta bayan gilashi ya gaishe su. Sai bayan Apollo 14 aka daina. Ita kuma wannan ta dawo daga kogo mai abu mai motsi ta wuce ɗakin cin abinci kai tsaye. Ban ma taɓo maganar sanyi ba, kumbon Huygens da ya sauka a Titan a Janairun 2005 ya auna wajen digiri 179 ƙasa da sifili, amma na bar musu wannan tunda sun ce kogon yana da zafi daga ƙasa.

Sadiq Injiniya: Ni zan ɗan tsaya wa shirin, ba don ban ga ɓarakar ba. Kuna magana kamar masu ilimi ba sa yin wauta, alhali tarihin zuwa sama cike yake da ita. A 1999 NASA ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda ɓangare ɗaya suna lissafi da ma'aunin fam, ɗayan suna karantawa da na mita, wata da watanni ba a gyara ba har kumbon ya shiga ƙasa-ƙasa da yawa ya hallaka. Da a fim aka sa wannan wallahi da Abba ya buɗe mana wata muhawarar ya ce rainin hankali ne. Kumbon Challenger fa, 28 ga Janairun 1986? Injiniyoyi sun yi gargaɗi tun daren cewa robar da ke toshe mahaɗar roka ba ta jure sanyi, aka ji su aka tashi, bayan daƙiƙa 73 ya tarwatse da mutum bakwai. To in kyaftin ɗin shirin nan ya ƙi jin gargaɗi, mene ne sabo?

Abba K.: Oga Sadiq misalanka ni suka taimaka. Challenger da ka kawo, ai an san dalili, an ɗaga tashin sau da yawa, akwai matsin lamba a kan jadawali, an sha ganin robar ta ɗan ci wuta a tashin baya ba abin da ya faru sai aka saba da shi. Kuskure ne mai uwa da uba, kana iya bin sawunsa ka ga yadda mai hankali ya kai ga yanke wannan hukunci. Ruwa ba ya tsami banza. Ni ban ce kar jarumi ya yi kuskure ba, kuskuren ma shi ne daɗin labari. Ko Gizo na tatsuniya yana faɗawa rami, amma kwaɗayinsa ne yake kai shi kuma tun farkon labarin ka san shi da kwaɗayi. Yanzu gaya min wane hali na kyaftin ne ya sa ya kwashi mataimakiyarsa da likita ɗaya tilo da babban injiniya da matuƙi duka a ƙaramin jirgi guda suka tafi duba siginar da ba a san ta ba, ya bar sansanin mutum ɗari biyu a hannun mai kula da lambu? Girman kai ne? Ba a nuna ba. Tsoro ne? Ba a nuna ba. Kawai su ne sunayensu ke fitowa a farkon shiri dole su kasance a wurin.

Sadiq Injiniya: Wannan kam na ba ka. Ko Apollo 11 mutum uku ne kacal amma sai da suka bar Collins a sama yana jira.

Zee: Mai lambu dai ya ga mulki ranar, har da zama a kujerar kyaftin hhhh. Shi kaɗai ne bai yi shirme ba a sizin ɗin duka

Hajiya Rabi (admin): Ana ta turo min saƙo wai an ɓata wa mutane kallo. Abba ya yi gargaɗi a layin farko, wanda ya karanta ya ci gaba shi ya so. A ci gaba amma ban da zagi, na goge guda biyu.

Nura Lele: Ba wanda ya taɓo babbar. Gadon warkarwa! Sizin na biyu ƙarfe ya huda injiniya ta ciki ya fita ta baya, aka kwantar da shi a na'urar nan, kwana biyu ya tashi yana tsokanar mutane. Sizin na uku matuƙi ya samu rauni a cinya, a cinya fa, jini yana zuba, suka kewaye shi a baranda suna riƙe hannunsa yana wasiyya ta minti shida, ga ɗakin na'urar nan ƙofa biyu tsakani. Minti shidan nan da sun ɗauke shi ai da har an rufe murfi. Ni ina son yaron nan amma ban iya yin kuka ba don ina ta ihu a raina ku ɗauke shi mana.

Ummi S.: Ai kamar an ce na'urar ta lalace lokacin gobarar kashi na biyar

Nura Lele: Ba a ce ba Ummi, ɗakin ajiya ne ya ƙone

Ummi S.: To ni dai haka na fahimta, wutar ta taɓa wayoyin ɓangaren duka

Ɗan Auta: Ni na ji ana cewa ɗan wasan ne ya samu wani aiki ya bar shirin shi ya sa aka kashe shi da gaggawa

Abba K.: Ko da hakan ne, ba matsalata ba ce a matsayin mai kallo. Akwai hanya ɗari ta kashe mutum a Titan wadda gado ba zai yi amfani ba. Su fitar da shi waje rigarsa ta fashe, su sa ƙaramin jirgin ya faɗi da shi. Sai suka zaɓi wadda ta fi kowacce sauƙin magani a duniyar da su suka gina. Matsalar duk marubucin da ya ƙirƙiro na'urar da ke warkar da komai kenan, ya ɗaure kansa, daga ranar duk mutuwa sai ya yi mana bayanin me ya hana a yi amfani da ita. Su kuma sai suka zaɓi su yi kamar sun manta suna fatan mu ma mun manta.

Malam Bashir: Tunda an ambaci fita waje, akwai wurin da mataimakiya ta tsallaka daga jirgi zuwa jirgi a sarari ba riga, ta riƙe numfashi kusan minti biyu tana jan igiya. Riƙe numfashin ma shi ne mafi haɗari, iskar da ke huhu za ta kumbura ta yaga shi. Kuma mutum ba ya wuce daƙiƙa 15 a farke. A 1966 wani ma'aikacin NASA yana gwajin riga a ɗakin da aka zuƙe iska, bututunsa ya cire, ya ce abu na ƙarshe da ya tuna kafin ya suma shi ne yawun bakinsa yana tafasa a harshe, aka yi sa'a aka mayar da iska da sauri ya rayu. 'Yan kumbon Soyuz 11 na Tarayyar Sobiyet su uku a 1971 ba su yi wannan sa'ar ba, wani bawul ne ya buɗe suna hanyar dawowa ba su sanye da riga. Amma gaskiya wannan ma zan iya haɗiyewa, jarumta ce irin ta fim, kuma aƙalla halinta ne, tun sizin farko mun san ta da ganganci.

Maman Hanif: Malam kai kana yafe na kimiyya ni ina yafe na kuka, amma akwai wanda ba mai yafewa a cikinmu. Injiniya ya ga maci amana da idonsa yana kwance wayoyin injin iska. Ya ruga ya samu kyaftin a baranda ya ce akwai maganar da zan gaya maka mai muhimmanci, kyaftin ya ce faɗi, ya waiga hagu ya waiga dama ya ce ba a nan ba, mu haɗu ƙarfe goma a ɗakin injin. Ɗakin injin! Inda mutumin yake aiki! Sunan mutum ɗaya ne fa, gaɓa biyu, da ya raɗa masa a kunne an gama. Ƙarfe goma ta yi aka tsinci gawarsa, aka ci kashi huɗu ana neman wanda ya kashe shi.

Zee: Kuma sansanin da kwamfuta ke sanin bugun zuciyar kowa da inda yake tsaye, ba wanda ya tuna ya tambaye ta waye ya shiga ɗakin injin ƙarfe goma saura

Sadiq Injiniya: Sun tambaya fa, ta ce an goge bayanan

Zee: A kashi na tara suka tambaya Oga, an kashe shi a na biyar. Kwana goma sha ɗaya suna zargin juna suna kulle bayin Allah

Ɗan Auta: To in an bi taku ai shirin kashi biyu zai yi ya ƙare. Kowa ya yi hankali, kowa ya faɗi gaskiya a kan lokaci, a tambayi kwamfuta ta faɗi mai laifi, sai mu kalli me?

Abba K.: Sai mu kalli sizin farko mana Auta, ai a can kowa yana da hankali kuma ba ka iya tashi ko ruwa ka sha. Ka tuna kashin da matatar iska ta lalace, kowa ya yi abin da ya dace, aka gwada dabara uku duka suka ƙi, ga amsar duniya sai bayan kusan awa uku, dole suka yanke hukunci su kaɗai. Ka duba Apollo 13 a 1970, tankin oksijin ya fashe, iskar da suke fitarwa tana taruwa za ta kashe su, matatar da suke da ita mai kusurwa huɗu ce ramin kuma zagayayye, da leda da kwali da salatif suka haɗa. Ba wawa ko ɗaya a labarin nan, kuma har yau in ana ba da shi sai ka riƙe numfashi. Wurin da suke ya isa ya kashe su ba sai an mayar da su sakarkaru ba. Sizin farko abokin gabarsu nisa ne da sanyi da ƙarancin iska, na uku kuwa da sun zauna a ɗaki sun kulle ƙofa ba su taɓa komai ba da ba wanda ya mutu.

Ummi S.: Duk da haka ni zan kalli na huɗu, ina son in san abin da ke cikin kogon

Maman Hanif: Wa ya ce ba zai kalla ba? Da masifa za mu kalla

Malam Bashir: Ni jirgin ceton nake jira in gani. Sun ce zai iso cikin sati uku. Cassini ya tashi Oktobar 1997 bai isa Satun ba sai Yulin 2004, su kansu a sizin farko sun ce shekara huɗu suka yi a hanya suna barci. Ko dai jirgin yana laɓe a kusa tun da can, wanda zai zama labari mai kyau in sun bi shi, ko kuma an sake mantawa.

Sadiq Injiniya: Malam ni na karkata ga yana laɓe, kuma in haka ne har kiran bidiyon Abba ya samu amsa, ƙila ba da duniya kyaftin yake magana ba, da wani ne a cikin wancan jirgin yana yi masa basaja

Abba K.: Kai, wannan da za su yi da na dawo nan na ba su haƙuri a gaban kowa. Amma matar da yake magana da ita akwai taga a bayanta, ana ruwan sama, har da mota ta wuce.

Nura Lele: Ummi na koma na duba miki. Kashi na bakwai, minti na 31, lokacin da likita ta shiga ɗauko bandeji tana gudu za ta koma wurin matuƙi. Ki tsayar daidai sanda ta buɗe durowa ki kalli bayan kafaɗarta ta hagu. Gadon yana nan, murfinsa a buɗe, fitilarsa koriya tana ci.

Ummi S.: Innalillahi. Na gani